Zuwa Ga Aminina Mai Zuma, Kan Batun Bakod

Aminina,

Saƙonka ya same ni, da hoton sitikar da aka zana maka, da ƙorafin da ka biyo bayansa da shi. Har na ɗauki waya zan kira ka sai na fasa, don magana ce ta lambobi, in da baki aka yi ta kafin a yi sallama rabi ya zube. Gara in rubuta ka ajiye, ka kuma nuna wa yaron da ke yi maka zane.

Kafin komai, barka da arziki. Zumar da ka fara ɗurawa a gorar ruwa kana bin ofis-ofis da ita, yau ita ce babban kanti ke nema. Allah Ya ƙara buɗi. Yadda na fahimci labarin, sun ce ba za su karɓa ba sai da bakod. Ka je shagon kwamfuta, yaro ya buɗe manhaja ya danna lambobin da suka zo masa a ka, sanduna suka fito, ya haska da wayarsa ta karanta, ka biya ka tafi. Da ka kai kanti suka ce lambar ba taka ba ce. Kai kuma kana tambaya, in har ba ta da kyau, ya aka yi waya ta karanta ta?

Wayar ba ta yi ƙarya ba, mutanen kantin ma ba su yi ba. Manhajar zana sitika, ko BarTender ce, ko NiceLabel, ko ZebraDesigner, ko Zint da ake samu kyauta, ko ɗan sashen bakod na cikin CorelDRAW da yaranmu suka fi sabawa da shi, aiki biyu take yi. Ta lissafa ƙwayar lamba ta ƙarshe, sannan ta mayar da lambobin sanduna. Ba ta san ka ba, ba ta san zuma ba, ba ta kuma tambayar kowa ko lambar da aka ba ta tana da mai ita. Ko lambar wayarka ka ba ta, ka cike ta ta kai ƙwaya 12, za ta zana maka bakod tsaf wanda kowace na'ura za ta karanta.

Mai raba lambar daban yake. Ƙungiya ce da ake kira GS1, hedikwatarta tana Brussels a ƙasar Beljiyam, tana da rassa a ƙasashe sama da 100, har da Najeriya. Kana rajista da su, su ba kamfaninka lambobin gaba waɗanda ba za a ba wani ba, kai kuma ka riƙa cike sauran guraben da lambar kowane kaya naka. Waɗanda reshen Najeriya ke bayarwa da 615 suke farawa, na Gana 603, na Kenya 616, na ƙasar Sin daga 690 zuwa 699. Zancen nan da ake yawo da shi a WhatsApp, wai da ka ga 690 ka san kayan Sin ne, ka ga 615 na gida ne, ka bar shi inda ka gan shi. Abin da lambar ke nunawa shi ne reshen da kamfani ya yi rajista. Ɗan kasuwar Legas zai iya sa a yi masa kaya a Guwanzu ya manna 615 ɗinsa, kuma bai saɓa wa ƙa'ida ba. Kada kuma ka haɗa ta da lambar NAFDAC da ka samu bara. Waccan ta lafiyar abin da ke cikin kwalba ce, wannan ta gane kwalbar ce a wurin biyan kuɗi, ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

Farashi ma ba ya cikin sandunan. Kwamfutar kanti ce ke riƙe da suna da farashi, bakod lamba kawai yake miƙa mata. Saboda haka in ka ƙara kuɗin zuma, wanda na san za ka ƙara, ba sai ka sake buga sitika ba. Amma kowane girma da lambarsa: rabin lita daban, lita ɗaya daban, wadda ka ce za ka gauraya da citta ita ma daban. Ana dai samun bakod mai ɗauke da farashi ko nauyi, irin wanda sikelin kanti ke bugawa a kan nama ko tuffa. Irin wannan da 2 yake farawa, kuma a cikin kantin da ya buga shi kaɗai yake da ma'ana.

Ɗan tarihi kaɗan, don akwai inda zai yi mana rana. A Amurka abin ya fara. A 1973 masu manyan kantuna suka zaɓi zanen da wani injiniyan kamfanin IBM, George Laurer, ya yi, suka kira shi UPC, lamba mai ƙwaya 12. Ranar 26 ga Yuni, 1974, a wani kantin Marsh da ke garin Troy a jihar Ohayo, aka fara haska kaya a wurin biya, kuma ba wani abin kirki ba ne, fakitin cingam ɗin Wrigley's ne na santi 67. Turai suka ga abin ya yi, a 1977 suka kafa tasu ƙungiyar, suka ƙara ƙwaya ɗaya a gaba don lambobin su ishi ƙasashe da yawa. Wannan shi ne EAN-13, irin wanda kake buƙata. A 2005 ƙungiyoyin biyu, ta Amurka da ta Turai, suka koma amsa suna ɗaya, GS1. Ka riƙe wannan: UPC na Amurka EAN-13 ne da sifili a gabansa.

To, ga lissafin ƙwayar ƙarshe, wadda ake kira lambar tantancewa. Ɗauko biro. Mu ce ƙwayoyinka 12 su ne 615123456789. Misali ne kawai na jera, kada yaronka ya kwafa ya buga. Ka tara waɗanda ke gurbi na ɗaya, na uku, na biyar, haka har na sha ɗaya: 6, 5, 2, 4, 6, 8, jimla 31. Sannan na gurbi na biyu, na huɗu, har na sha biyu: 1, 1, 3, 5, 7, 9, jimla 26. Wannan ta biyun ka ninka ta sau uku, 78. Haɗa 31 da 78, ka samu 109. Nawa ya rage a kai 110? Ɗaya. To 1 ita ce lambar tantancewa, cikakkiyar lambar ta zama 6151234567891. Da jimlar ta faɗa daidai kan goma-goma, kamar 110 ko 120, sai a sa 0. Shi ke nan fa, ba wani siddabaru. Duk sanda kashiya ta haska kaya, sikana tana maimaita wannan lissafin kafin ta yi ƙarar nan, in bai fito daidai ba ta yi gum.

Dabarar ninkawa sau uku ita ta fi burge ni. In aka yi kuskuren ƙwaya ɗaya tak, ko wacce ce, lissafin zai kama shi, babu makawa. In kuma yatsa ya riga ɗan'uwansa aka juya ƙwayoyi biyu maƙwabta, aka buga 32 a maimakon 23, a lambarmu jimla za ta sauko 107, lambar tantancewa ta kamata ta zama 3, ga shi kuma 1 ce a rubuce, an kama. Da tarawa kawai ake yi ba ninkawa, juyin ba zai canza komai ba. Sai dai akwai ƙofar da aka bari a buɗe. In tazarar ƙwayoyin biyu 5 ce, wato 0 da 5, 1 da 6, 2 da 7, 3 da 8, 4 da 9, juyin yana wucewa salin-alin. Gwada da tamu: ka buga 165 a maimakon 615. Jimla ta tashi daga 109 ta koma 119, ƙwayar ƙarshe tana nan a 1, manhaja ba za ta ce uffan ba, sikana ma haka.

Lambar tantancewa kamar yaron mota take, mai ƙirga kawuna bayan an tsaya sallah a hanya. Zai gane in an bar mutum ɗaya a baya, amma ba shi zai gaya maka motar Katsina ka shiga alhali Zariya za ka ba.

A nan ne halin manhajoji ke shigowa, kuma kowacce da nata. Ka zaɓi EAN-13 ka ba ta ƙwaya 12, ta ƙara ta 13 da kanta. Ka ba ta 13, wata za ta duba ta ƙarshen, in ba daidai ba ta ƙi zanawa ta nuna maka jan rubutu. Wata kuma ba ruwanta, za ta yanke ta ƙarshen ta sa tata ba tare da ta sanar da kai ba. Ni ta farkon na fi so, mai tsiwa. Mai shirun nan ta fi haɗari, don in kuskuren a tsakiyar lambar yake, ƙwayar ƙarshe ce kaɗai shaidar da za ta tona shi, ita kuma ta jefar da shaidar ta ƙera sabuwa da ta dace da kuskuren. Shi ya sa in GS1 suka ba ka cikakkiyar lamba mai ƙwaya 13, bayan an zana ka dubi ƙwayar ƙarshe da ke ƙarƙashin sanduna ka kwatanta da wadda ke takardarka. Duba ɗaya ne, amma ya fi haska waya sau goma.

Babbar matsalar ma ba a manhajar take farawa ba, a teburin Excel take. Yawancin masu kaya da yawa a nan suke jera lambobinsu, manhajar ta riƙa ɗebowa layi-layi. Shi kuwa Excel in ya ga lambobi zalla lissafi yake ɗauka, kuma a lissafi sifilin gaba ba shi da amfani, sai ya share shi. Ɗauki lambar UPC irin 012345678905. Sifili ya tafi, saura 12345678905, ƙwaya 11 cif. Ita kuma manhaja a gurbin UPC ƙwaya 11 take jira ta ƙara ta 12, sai ta ɗauka an ba ta abin da take so, ta lissafa ta ƙara 0, a samu 123456789050. Bakod lafiyayye, sikana za ta yi masa ƙara, amma lambar wani ce ko ta babu kowa. Haka in aka zuba cikakkiyar UPC mai ƙwaya 12 a gurbin EAN-13, maimakon a sa mata sifili a gaba, manhajar a baya za ta liƙa mata sabuwar ƙwaya. Wannan zai shafe ka ranar da ka fara haɗa kayan waje a jerinka.

Taka mai 615 ba ta da sifilin gaba, amma ita ma ba ta tsira ba. Lamba in ta kai ƙwaya 12 Excel yana taƙaita ta, ka ga ta koma 6.15123E+12. A cikin gurbin tana nan cikakkiya, amma in aka adana teburin a fayil irin na CSV a haka, taƙaitacciyar ce ke fita, ƙwayoyin baya sun tafi ke nan. Ba ya kuma riƙe sama da ƙwaya 15, duk abin da ya wuce nan sifili yake mayar da shi, alhali lambar da ake manna wa lodin kaya ƙwaya 18 ce. Maganin duka ɗaya ne: kafin a zuba ko lamba ɗaya, a mayar da wannan jerin na rubutu, ba na lissafi ba. Kafin, na ce. In an riga an zuba, sifilin da ya tafi ba ya dawowa.

Yanzu ɗauki kowane kwalin shayi ko gwangwanin madara da ke gidanka ka dubi bakod ɗinsa da kyau. Ƙwaya ɗaya tana waje ita kaɗai a hagu, sai shida, sai wasu shida, da dogayen sanduna bibbiyu a farko da tsakiya da ƙarshe. Faɗin duka an raba shi gida 95 daidai wa daida: 3 na farko, 5 na tsakiya, 3 na ƙarshe, kowace ƙwaya kuma gida 7, cikinsu sanda biyu da fili biyu. Lissafa ka gani, 12 sau 7 shi ne 84, a haɗa da 11, 95. Ƙwaya 12 ke nan. Ina ta 13 ɗin? Ba ta da sanda ko ɗaya. Kowace ƙwaya ta ɓangaren hagu tana da salon zane biyu, a ce A da B, kuma yadda aka jera salon a kan shidan nan shi ke gaya wa sikana ƙwayar farko. In 6 ce, irin taka, jerin shi ne A, B, B, B, A, A. In 0 ce, duka shidan A ne, wanda shi ne ainihin zanen UPC na Amurka. Da wannan wayon Turawa suka ƙara ƙwaya ba tare da sun ƙara faɗi ba. Dalilin ke nan da ba a sauke fon ɗin bakod a buga lambobi kai tsaye a Word a ce an gama. Sai an sami abin da zai zaɓi salon kowace ƙwaya, aikin manhajar ke nan.

Hoton da ka turo kuwa, ko da lambar taka ce, da gyara. Yaron ya kama gefe ya matse bakod ɗin don ya sami wurin sa hoton ƙudan zuma, ya kuma jingina shi da bakin sitika. Ainihin girmansa milimita 37.29 ne a faɗi, 25.93 a tsayi, kowane gida milimita 0.33, kuma an yarda a rage zuwa kashi 80 cikin 100 ko a ƙara har ninki biyu. Cikin faɗin nan har da farin fili, gida 11 a hagu, 7 a dama, wanda ba a sa komai a ciki. Alamar > da kake gani a ƙarshen wasu, tsaron wannan filin take yi. Mai zane yana ganin fili ya ji kamar asara ce, amma da shi sikana ke gane inda bakod ya fara. A bar launin ruwan zuma da ya yi sandunan da shi. Hasken sikana ja ne, ja da ruwan lemo da ruwan ɗorawa duk fari yake ganinsu. Baƙi a kan fari, ka huta. Tunda kuma kwalbarka siririya ce, a juya shi sandunan su kwanta, lambar ta bi tsayin kwalbar, don kada lanƙwasa ta ɓoye gefensa.

In ƙaramar firintar sitika za ka saya, yawancinsu ɗigo 203 suke yi a inci, wato ɗigo 8 a milimita. Gida ɗaya na 0.33 ya kama ɗigo biyu da 'yan kai, firinta kuwa ba ta san rabin ɗigo ba, sai wasu sanduna su yi ƙiba wasu su rame. A saita gidan a ɗigo 3 cif, milimita 0.375, a cikin manhajar, kada a zana a wani wuri a kawo shi a matsayin hoto. Ka kuma nemi mai amfani da ribon. Takardar da zafi kaɗai ke bugawa, irin ta rasit, rana da zafin motar kaya suna cinye ta.

Kantin zai iya ce maka katan ma yana son tasa lambar. Ita ƙwaya 14 ce, yawanci a zanen ITF-14 mai kaurin baki kewaye. Ana cire lambar tantancewar kwalba, a sa ƙwaya ɗaya daga 1 zuwa 8 a gaba, a sake lissafi. Da misalinmu, in aka sa 1, nauyinta uku ne, jimla ta koma 112, ƙwayar ƙarshe 8, a samu 16151234567898. Masu gaggawa sukan manna 1 a gaba su bar tsohuwar ƙwayar ƙarshe, sai katan ya ƙi karantuwa a sito. In kuma suna son ranar lalacewa da lambar rukunin ɗuri a ciki, wannan GS1-128 ne, inda kowane bayani ke da lambar gabatarwa: (01) lambar kaya, (17) ranar lalacewa, (10) rukuni. Ranar da shekara ake farawa, sai wata, sai rana, 31 ga Disamba, 2026 ta zama 261231. Bakan nan na ido ne kawai, ba sa shiga cikin sanduna. Manhajoji irin su BarTender suna da sashen da ke jera waɗannan bi da bi, a bi ta nan, kada a buga da hannu.

Af, tunda kai mai son littattafai ne, juya bayan wani da aka buga a ƙasar nan. Bakod ɗin littafi da 978 ko 979 yake farawa a duk duniya, ita kuma Najeriya lambar rukuninta a tsarin ISBN ita ma 978 ce, shi ya sa za ka ga namu sun fara da 978-978. Ba kuskuren maɗaba'a ba ne. Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke raba su. Kafin 2007 ISBN ƙwaya 10 ce da wani lissafi na daban a kan 11, har X kan fito a ƙarshe a madadin 10. Yanzu lissafinta ɗaya da na kwalbar zumarka.

Abin yi dai, ka nemi GS1 na Najeriya da takardun rajistar kasuwancinka. Akwai kuɗin shiga da na sabuntawa, ka tambaye su da kanka. Masu tallan lambobi da araha a intanet, ka yi hattara, don lambar tana iya zama da sunan wani kamfani a rajista, manyan kantuna kuma suna dubawa. In lambobin sun fito, ka turo min su tare da girman sitikar da faɗin kwalbar, in saita maka fayil ɗin. Guda ɗaya za mu fara bugawa, ka manna a kwalba ta gaske, ka kai kantin su haska da sikanarsu ka ga sunan da ya fito a allo, sannan a buga sauran. Tsoffin sitikun kuma kada ka zubar, ka yanke gefen bakod ɗin ka yi amfani da su a kan wadda kake kai wa 'yan ofis.

Ka gaida Hajiya da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Ka gaida maiɗakin da yara. Mutanen gida suna gaishe ka, sun kuma ce in tuna maka zumarsu ta ƙare.

Naka amini.